Yini ɗaya a kufan Walili

Kowace shekara ƴan Nijar da dama suna sauka birnin Fas na ƙasar Maroko. Wasu ziyara ke kai su zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a can a shekarar 1815. Wasu fatauci ne, suna neman jallabiya da takalman fata da littattafai. Wasu kuma ma'aikata ne da gwamnati ta aika ƙarin ilimi a Rabat ko Kazablanka, suka sami hutun ƙarshen mako suka ce bari su ga gari. Akasarinsu sukan yi kwanakinsu tsakanin masauki da masallaci da kasuwa, su ɗaure kaya su koma gida, ba wanda ya gaya masu cewa tafiyar awa biyu daga inda suke kwana akwai kufan wani birni da ya girme Fas da shekara dubu. Larabawa suna kiransa Walili, Turawa kuma suna ce masa Volubilis.

Ɗan kasuwa zai ce yinin da ba a buɗe jaka ba asara ne. Ma'aikaci kuma zai ce guzurin da aka ba shi ƙidayayye ne. Kowannensu yana da gaskiyarsa. Amma Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma abin da duwatsun Walili ke nunawa a yini ɗaya ya shafi mai shago da mai buro baki ɗaya. A can ne mutum zai ga da idonsa abin da ke raya gari, da abin da ke rage masa ƙarfi, da abin da ke kashe shi ƙurmus.

Hanyar zuwa

Mai niyya sai ya yi sammako bayan sallar asuba. Daga Fas zuwa Maknas kimanin kilomita 60 ne, ana zuwa da kar ko da jirgin ƙasa, cikin awa ɗaya ko ƙasa da haka. Daga Maknas sai a kama hanyar arewa, kimanin kilomita 30, zuwa wani ƙaramin gari da ke maƙale a jikin dutsen Zarhun, mai suna Mulai Idris. Akwai kar ta gari da ke bin wannan hanya, akwai kuma manyan taksi masu ɗaukar mutum shida, waɗanda ba su tashi sai sun cika, kamar dai yadda aka saba a tashoshin Maraɗi da Tawa. Daga Mulai Idris zuwa ƙofar kufan bai wuce kilomita 5 ba. Mai ƙarfin ƙafa yana iya gangarawa a ƙasa tsakanin gonaki, wanda ya manyanta kuma sai ya nemi taksi, ya yi ciniki da direba tun kafin a tashi, har da lokacin da zai dawo ɗaukarsa.

Kamfanonin yawon buɗe ido na Fas suna da tasu kar, wadda ke kwasar baƙi da safe ta zaga da su Walili da Mulai Idris da Maknas, ta maido su da dare. Wannan ta fi sauƙi ga wanda bai san gari ba, sai dai lokaci a hannun direba yake. Da ya busa oda, ko mutum ya gama kallo ko bai gama ba, sai ya shiga. Wanda ya bi motocin haya shi ke riƙe da agogonsa, kuma kuɗinsa bai kai na waccan ba. Kufan yana son awa biyu zuwa uku. Ana biyan kuɗin shiga a ƙofa, kuma akwai ƴan jagora da ke jira a nan. Wanda zai ɗauki ɗaya daga cikinsu ya yanke farashi tun a bakin ƙofa. A tafi da ruwan sha da hula ko lema, don inuwa kaɗan ce a ciki, kuma ranar bazarar Maroko ba ta da wasa.

Abin da ido zai fara gani

Tun daga cikin mota ake hango ginshiƙan dutse tsaye a kan tudu, a tsakiyar wani fili mai albarka da ya cika da alkama da itatuwan zaitun. A kan wasu ginshiƙan akwai manyan sheƙuna na wasu fararen tsuntsaye dangin shamuwa. Mutanen karkarar sun daɗe suna kiran wurin Ƙasar Fir'auna, wato fadar Fir'auna da Larabci, don a ganinsu ba mai iya ɗaga irin waɗannan duwatsu sai shi. Fir'auna bai taɓa taka wurin ba. Waɗanda suka kafa garin ƴan ƙasa ne, mutanen da ake kira Amazig, waɗanda harshensu dangin na Buzaye ne, tun wajen ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Garin ya kasance cikin masarautar da ake kira Muritaniya ta dā, wadda ba ita ce ƙasar Muritaniya ta yau ba. Shahararren sarkinta shi ne Juba na 2.

A shekara ta 40 bayan haihuwar Annabi Isa, sarkin Rum Kaligula ya sa aka kashe ɗan Juba, wanda ya gaji ubansa. Ƙasa ta yi bore, amma manyan Walili suka zaɓi ɓangaren Rumawa. Da ƙura ta lafa, sai suka aika ɗaya daga cikinsu wurin sabon sarki, Kalaudiyus, don ya karɓo ladan biyayya. Abin da ya dawo da shi an sassaƙa shi a jikin wani dutse da aka tono a dandalin garin: an ba mutanen Walili matsayin ƴan ƙasar Rum, kuma an yafe masu lanho na shekara 10. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa zama gaban mai karɓar fatanti ya san abin da shekara 10 ba lanho ke iya yi wa gari.

Mai, gari da shaguna

Arzikin Walili daga gona ya fito. Masu tonon tarihi sun gano wuraren matsar man zaitun fiye da 50 a cikin garin, da yawansu a cikin gidajen attajirai, bango ɗaya tsakaninsu da ɗakin baƙi. An gyara ɗaya daga cikinsu don mai ziyara ya ga yadda ake aikin. Da farko a niƙa ƴaƴan zaitun da dutse, a zuba niƙan cikin faifan saƙa, a jera su bisa juna, sannan a danne da wani dogon gungume wanda ake jawo kansa ƙasa da igiya da nauyin dutse. Man ya bi ta wata ƴar kwata ya zuba cikin kwatarniya, a bar shi ya kwanta, mai ya taso sama, ruwa ya zauna ƙasa. Macen da ta taɓa matse ƙuli-ƙuli za ta gane aikin ba sai an yi mata bayani ba. Ban da mai, garin yana fitar da alkama, har da namun daji irin su zaki da ake kai wa filayen wasan Rum.

Babban titin garin ya miƙe sak daga ƙofar arewa maso gabas zuwa tsakiya. Hagu da dama rumfuna ne masu ginshiƙai, bayansu shaguna, bayan shagunan kuma gidajen masu su. An ƙidaya shaguna fiye da 100 a garin, da gidajen burodi masu dutsen niƙa da tanda. Tsarin ba baƙo ba ne ga wanda ya san gidan Alhaji a birni: shago a waje yana kallon titi, iyali a ciki, sito a gefe. A daɓen manyan ɗakuna an jera ƙananan duwatsu masu launi, kowane bai fi ƙwayar masara ba, an fitar da hotunan kifaye da giwaye da dawaki da mutanen tatsuniyoyinsu. Shekara kusan 1,800 ke nan suna nan a inda aka dasa su. Ya kamata dattijo ya san tun da wuri cewa wasu hotunan na mutane ne marasa sutura, kamar yadda al'adar masu gidan take. Gumakan tagulla da aka samu, har da na kan Juba na 2, an kai su gidan tarihi na Rabat.

A lokacin da garin ya kai ƙarfinsa, ana ƙiyasta mutanensa da kimanin 20,000. A shekarun 168 da 169 aka kewaye shi da ganuwa mai tsawon kilomita 2.6 da ƙofofi 8, ta rufe fili mai faɗin hekta 42. Kusan rabin wannan fili ne kawai aka tone har yanzu.

Aikin hukuma

Daga nan sai ma'aikaci ya buɗe nasa idon. Ruwan da garin ke sha daga wani marmaro na cikin duwatsu aka jawo shi, ta wata magudana da aka gina, aka raba shi zuwa wuraren ɗiba na jama'a da gidajen wanka da gidajen masu hali. A ƙarƙashin babban titi akwai lambatu mai kwashe ƙazanta zuwa rafi. A tsakiyar gari akwai dandali, da babban gidan shari'a wanda bangonsa da ginshiƙansa ke tsaye har yau, nan ne ake yanke hukunci, nan majalisar gari ke zama. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba aikin mutum ɗaya ba ne. Sai da aka sami mai tara kuɗi, da mai rubuta su, da mai duba aiki, da mai gyara in ya lalace. Har zaman lafiya da maƙwabta aiki ne na buro: an tono duwatsu da dama da ke ɗauke da labarin zaman sulhu tsakanin gwamnonin Rum da shugabannin wata ƙabila mai suna Bakwat, na ƙarshensu na shekarar 280 ne.

A ƙarshen babban titi akwai wata ƙatuwar ƙofar dutse mai baka, ita ce kowane baƙo ke tsayawa gabanta a ɗauke shi hoto. An gina ta ne da sunan sarkin Rum Karakalla da mahaifiyarsa, don godiya da neman fada. A shekarar 217 aka gama ta, kuma a watan Afrilu na wannan shekarar wani sojansa ya soke Karakalla har lahira, uwar ma ba ta ga ƙarshen shekarar ba. Ba a daɗe ba aka keɓe babban ɗakin bautar garin da sunan wanda ya gaje shi, Makrinus, a 218, shi ma a shekarar aka kashe shi. Magudanar ruwa ba ta ɗauke da sunan da baƙi ke tambaya, amma ita ce ta shayar da garin zuriya bayan zuriya. Ma'aikacin da ya ga hotunan shugabanni suna sauyawa a bangon buronsa, alhali famfon unguwa yana nan yadda yake, ba ya bukatar ɗan jagora ya fassara masa wannan.

Da gwamnati ta tafi

Wajen shekarar 285 Rumawa suka janye sojojinsu da ma'aikatansu zuwa arewa, kusa da Tanja, suka bar Walili. Mai karatu zai zaci nan labarin ya ƙare. Garin ya ci gaba da rayuwa kusan shekara 700 bayan haka. Gonaki suna nan, zaitun yana nan, mutane suna saye da sayarwa. An samu duwatsun kabari na Kiristoci da aka rubuta da Latin, harshen Rumawa, masu kwanan wata daga 599 zuwa 655, wato fiye da shekara 300 bayan tafiyar gwamna na ƙarshe.

Sai dai garin ya ƙanƙance. Da magudanar ruwa ta lalace ba mai gyara ta, sai jama'a suka gangara yamma, kusa da rafin Khuman, suka ja sabuwar ganuwa da duwatsun tsofaffin gidaje. Unguwar attajirai ta koma kango, gefen babbar ƙofar Karakalla ya koma maƙabarta. Rashin hukuma bai kashe Walili ba, amma ya mai da birni ƙauye.

A haka Idrisu ɗan Abdullahi ya same shi a shekarar 788. Sharifi ne daga zuriyar Hasan ɗan Aliyu, ya tsira daga yaƙin Fakh da aka yi kusa da Makka a 786 tsakanin danginsa da Abbasiyawa. Ƙabilar Auraba da ke riƙe da Walili ta karɓe shi, ta yi masa mubaya'a a 789, kuma daga nan Marokawa ke ƙidaya farkon daularsu ta Musulunci. Tonon da aka yi a farkon shekarun 2000 ya fito da gine-ginen zamaninsa a bakin rafi, har da gidan wanka. Ya rasu a 791, malaman tarihi suna cewa guba aka ba shi da umurnin halifan Bagadaza, Haruna Rashid. Kabarinsa yana garin Mulai Idris, wanda ya ci sunansa, inda mai ziyara zai iya yin sallar azahar ya ci abinci kafin ya kama hanyar komawa.

Da kasuwa ta tafi

Ɗansa, Idrisu na 2, shi ya mai da gadon mulki Fas a wajen shekarar 808. Ba da jimawa ba sai ga baƙi suna kwarara can, masu gudun hijira daga Kurɗuba ta Andalus da kuma mutanen Ƙairawan ta Tunusiya, cikinsu da fatake da maƙera da majema da malamai. A 859 aka kafa masallacin Ƙarawiyyin. Fas tana da ruwa mai yawa, tana kan mahaɗar hanyoyi, ayarin da ke fitowa daga Sijilmasa da zinariyar ƙasashen Sudan can yake sauka. Ba a ci Walili da yaƙi ba, ba annoba ce ta share shi ba. Mai saye ya koma Fas, mai sayarwa ya bi shi, ɗan da ya tafi koyon sana'a bai dawo ba. Zuwa ƙarni na 11 garin ya zama kufai.

Abin da ya rage a tsaye ma bai tsira ba. Sarki Mulai Isma'il, wanda ya yi mulki daga 1672 zuwa 1727, ya sa aka yi ta jidar duwatsu da ginshiƙai daga Walili don gina fadarsa a Maknas. Girgizar ƙasa ta 1755 ta kayar da sauran. A 1915, zamanin mulkin Faransa, aka soma tono na sosai a ƙarƙashin wani Bafaranshe mai suna Louis Chatelain, kuma fursunonin yaƙi Jamusawa aka sa su haƙa. Ƙofar Karakalla da ake gani yau sake ɗora ta aka yi a farkon shekarun 1930. A 1997 hukumar UNESCO ta sa Walili cikin jerin kayan tarihi na duniya.

Wannan labari ba baƙo ba ne ga mutumin Damagaram. Birninsu ya yi ƙarfi a ƙarni na 19 da ayarin da ke bi daga Tarabulus ta Gat da Abzin zuwa Kano, har Sarki Tanimun ya kewaye shi da ganuwa. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kaya suka koma bin hanyar teku, ayarin hamada ya ja baya. A 1926 kuma Faransawa suka ɗauke hedkwata suka mai da ita Yamai. Damagaram ta ji bugun biyu, amma ba ta zama kufai ba, domin ta sami gyaɗa da fatu da hanyar Kano ta riƙe. Maraɗi kuwa, wadda ba ta taɓa zama hedkwatar ƙasa ba, ciniki da Najeriya ne ya ɗaga ta, kuma duk wanda ya ga yadda kasuwarta ta yi sanyi lokacin da Najeriya ta rufe iyaka daga 1984 zuwa 1986, da kuma daga 2019 zuwa 2020, ya ɗanɗana kaɗan daga abin da mutanen Walili suka gani a hankali cikin shekaru ɗari biyu.

Saboda haka gardamar da aka saba ji a majalisa, inda ɗan kasuwa ke cewa ma'aikata cima-zaune ne, ma'aikaci kuma yana cewa ƴan kasuwa ba su san komai ba sai kauce wa duwan, duwatsun Walili sun riga sun raba ta. Da masu gyaran magudana suka tafi, attajiri ya bar gidansa mai daɓen ado ya koma bakin rafi yana ɗibar ruwa da tulu kamar kowa. Da masu shaguna suka tafi, ba a sami wanda za a mulka ba, balle wanda zai biya lanho. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Lanhon da aka biya aka ga aikinsa a famfo da hanya, shi ke tsare darajar shago. Takardar da ta kwana wata uku a teburin buro, da shingen da ake tsayar da mota sau goma kafin ta kai kasuwa, su ke nuna wa fatake hanyar wani gari, kuma fataken da suka saba da wata hanya ba su cika waiwayowa ba.

Nijar ma tana da nata kufai, irin su Asode a cikin duwatsun Abzin da Jado a can arewacin Kawar, kowanne a kan hanyar da ayari ya daina bi. Sun yi nisa ga mai yini ɗaya. Walili kuwa yana kusa da inda ƴan ƙasa suka riga suka saba zuwa da kuɗinsu.

Mai ziyara ya yi ƙoƙari ya bar kufan kafin la'asar sakaliya, don motocin Mulai Idris suna raguwa da yamma, kuma wanda ya makara sai ya yi shatar taksi shi kaɗai. A hanyar komawa ya dubi hagu da dama ta tagar mota. Zaitun ne ko'ina a gindin dutsen Zarhun, ana girbinsa ana matsarsa har yau, kuma yankin Maknas yana cikin manyan wuraren man zaitun na Maroko. Ƙasar ba ta gaji ba, itacen bai daina ƴaƴa ba. Man da dā ake aunawa a shagunan babban titin Walili, yanzu a kasuwannin Maknas da Fas ake auna shi.